Ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani a kifin kasuwa: Abin da ya kamata ku sani

Kifi na iya zama sabo, idonsa garau, babu wari, amma yana ɗauke da ƙwayoyin bakteriya waɗanda magungunan asibiti suka daina yi musu tasiri.

Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna cewa bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a shekarar 2019, kuma Afirka ta Yamma ce matsalar ta fi yi wa ɓarna idan aka kwatanta da yawan jama'a. Abinci na cikin hanyoyin da suke bi su kai ga ɗan'adam.

Daga ina matsalar take tasowa?

Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 2022 ne yawan kifi da sauran halittun ruwa da ake kiwatawa ya zarce na waɗanda ake kamowa, karon farko a tarihi. Tarwadar gonakin Najeriya da karfasar Tafkin Volta na Ghana na cikin wannan kiwo.

Idan kifi ya cunkushe a wuri guda, cuta kan yaɗu da sauri, shi ya sa wasu masu kiwo ke zuba magunguna irin su oxytetracycline a abinci ko ruwa ba tare da shawarar likitan dabbobi ba. Raunanan ƙwayoyin sukan mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, har su miƙa wa wasu bakteriya wannan kariyar. Kifin kogi ma bai tsira ba, domin ƙazantar gari da ta asibitoci na kwarara cikin ruwa.

Ina haɗarin yake?

Wuta na kashe Salmonella da E. coli da Vibrio, ko suna jin magani ko ba sa ji. Haɗarin ya fi yawa tun kafin kifin ya shiga tukunya: ruwan da mai sayarwa ya yini yana wanke kifi a ciki, da wuƙar da aka fede shi da ita sannan aka yanka tumatirin kwaɗo, da hannun da ba a wanke ba. Wanda ya kamu ta wannan hanya na iya yin gudawar da maganin da aka saba bayarwa ba zai tsayar ba, abin da ya fi tsanani ga ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu.

Mene ne abin yi?

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a dafa abinci har zafinsa ya kai digiri 70, a raba ɗanye da dafaffe, a wanke hannu da wuƙa da katakon yanka da sabulu. Kifin banda ma yana buƙatar ya tafasa sosai, domin ƙuda da hannuwa sun taɓa shi bayan an sauke shi daga wuta.

Sai dai girki ba ya kawar da ragowar magani gaba ɗaya daga tsokar kifi. Wannan nauyi na kan mai kiwo, wanda ya wajaba ya jira kwanakin da aka ƙayyade bayan ba da magani kafin ya kai kifinsa kasuwa, da kuma hukumomin da ke sa masa ido.