Tallata Shirin Murya a LinkedIn: Ina Matsayin Hausa a Zauren Ma'aikata?

Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Bahaushe mutum ne ma'abocin saurare, kuma tarihi shaida ne. Tun daga shekarar 1957 da BBC ta buɗe Sashen Hausa, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, sannan Muryar Amurka a 1979, akwatin rediyo ya zama abokin hirar manomi a gona, da ɗan tireda a rumfarsa, da mai gadi a bakin ƙofa. A yau wayar salula ta shiga aljihun kusan kowa, ta kuma zo da wani sabon salon shirin murya wanda ake ɗauka a ajiye a intanet, mai bukata ya sauko da shi ya saurara a lokacin da ya ga dama. Shi ne abin da ake kira fodkas.

Kalmar ba ta tsufa ba ko a Turanci. Wani ɗan jarida mai suna Ben Hammersley ne ya fara amfani da ita a jaridar Guardian ta Ingila a 2004, inda aka haɗa sunan na'urar iPod da kalmar da ke nufin watsa shiri. Kafofinmu na gida sun riga sun karɓi salon, domin kuwa jaridar Aminiya ta fito da shirye-shirye irin su Najeriya a Yau da Daga Laraba. Bayan manyan kafofin kuma, matasa masu ilimi sun gano cewa da waya ɗaya da ɗaki marar hayaniya mutum zai iya buɗe tasharsa. Ɗaukar shirin ya yi sauƙi. Wahalar tana wajen samun wanda zai ji, shi ya sa wasu ke ɗaukar hajarsu su kai dandalin LinkedIn.

Ga wanda bai san shi ba, LinkedIn dandali ne na ma'aikata da ƙwararru. An buɗe shi a Amurka a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 a kan dala biliyan 26.2, kuma a 2023 yawan masu rajista a cikinsa ya haura biliyan ɗaya. A nan ne injiniya da likita da akanta da malamin jami'a ke baje takardunsu da tarihin aikinsu, masu neman ma'aikata su duba. Tambayar da nake son mai karatu ya taya ni dubawa ita ce: mai shirin murya na Hausa, me ya je nema a wannan zaure?

A nawa ganin, wanda ya je LinkedIn neman ɗimbin masu saurare ya kai talla kasuwar da ba ranarta ba. Manomin Gwiwa da mai sayar da hatsi a Babura ba a can suke ba. Suna tare da rediyonsu, da WhatsApp, da Facebook, da kuma shagon masu tura waƙoƙi da wa'azi a katin waya. Amma akwai abu uku da mai shiri ba zai rayu ba sai da su, waɗanda kuma LinkedIn ne matattararsu: masanin da za a yi hira da shi, da wanda zai ɗauki nauyin shirin, da kuma amincewar ƙwararru, wadda ita ce ke bambanta shirin ilimi da hirar teburin mai shayi.

Bari mu ɗauki arewa maso yammacin Jihar Jigawa a matsayin misali, wato Kazaure da Roni da Gwiwa da maƙwabciyarsu Babura. Yankin ba baƙo ba ne ga fasahar zamani. Tun a 2001, zamanin mulkin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa makarantar koyon fasahar sadarwa a Kazaure, a lokacin da jihohi da dama ba su san inda aka dosa ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a garin, sannan a 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Babura. Ɗaliban da suka fito daga makarantun Kazaure, da 'ya'yan yankin da suka yi karatu a Kano da Zariya, yau suna aiki a bankuna da ma'aikatu da kamfanonin sadarwa a Abuja da Legas da ƙasashen waje. Da yawansu suna LinkedIn, suna rubutu da Turanci mai kyau a kan noma da lafiya da kasuwanci, abokan aikinsu na yaba musu. Amma iyayensu da suka sayar da gero da riɗi suka biya kuɗin makaranta ba su taɓa jin ko jimla ɗaya daga cikin wannan ilimi ba.

Kada a ɗauka wannan ƙaramar asara ce. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Maganin nan ba a ofis aka zuba shi ba, a rumbu da shagon ajiya aka zuba, kuma mafi yawan masu zubawar ba su san illarsa ga ciniki da lafiyar masu ci ba. Alhali tun wajen 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai ninki uku da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da an sa magani ba. Masanin da zai bayyana wannan cikin minti goma sha biyar da Hausa mai daɗi yana nan a LinkedIn. Manomin da ke bukatar jin bayanin yana Roni. Mai shirin murya shi ne dillalin da zai haɗa su, kuma dillali na ƙwarai yakan san inda ake samo kaya da inda ake sayar da su.

To, yaya ake tallar? Da farko, dandalin na rubutu ne da hoto da bidiyo, kuma bidiyon yakan fara ne a shiru har sai an taɓa shi. Saboda haka liƙa adireshin shirin kaɗai a wuce ba ya haifar da komai. Abin da ya kamata shi ne a yanko minti ɗaya mafi armashi daga cikin hirar, a ɗora shi a kan hoton baƙon, a kuma rubuta abin da yake faɗa a ƙasa, domin ma'aikacin da ke zaune a ofis ya karanta ko da bai kunna sauti ba. Na biyu, a rubuta darasin da shirin ya ƙunsa cikin layi huɗu ko biyar da Hausa, sai taƙaitaccen bayani da Turanci ya biyo baya saboda wanda ba ya jin harshen amma yana iya tallafa wa aikin. Na uku, a ambaci baƙon da izininsa, a roƙe shi ya yaɗa wa abokan sana'arsa, domin ta haka baƙo ɗaya ke jawo na biyu. Na huɗu kuma, a riƙe lokaci. Shirin da ke fitowa duk Juma'a ya fi samun amincewa a kan wanda ke zuwa sai an ga dama.

Bayan an gama da zauren ma'aikata, sai a juya wajen masu shirin na haƙiƙa. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowa ya ƙara yin kaffa-kaffa da abin da yake saukewa. Shirin minti ashirin, idan an matse shi daidai da bukatar murya, bai wuce megabait 10 ba, kuma zai bi ta WhatsApp daga waya zuwa waya har ya isa rugar da sabis ba ya kaiwa sosai. Haka nan babu laifi a nemi gidajen rediyon jihar su riƙa sanya shi.

Sai dai akwai wata matsala da ta fi duk waɗannan zurfi, ita ce ta harshe. Masanin nan na ilimin walwalar harshe, Joshua Fishman, ya nuna cewa al'ummar da ke da harsuna biyu takan raba musu fage: wannan na gida da kasuwa, wancan na ofis da makaranta. Haɗarin shi ne, harshen da aka killace a gida yakan daina samar da sababbin kalmomi, har masu shi su fara yarda cewa ba zai iya ɗaukar ilimi ba. Hausa ta shiga manhajar fassara ta Google a 2013, Facebook ya karɓe ta a 2016, amma a zauren ƙwararru mu da kanmu muke cire ta mu ajiye a bakin ƙofa kamar takalmi. Mutumin da ke zuba karin magana a majalisar unguwa, da zarar ya shiga LinkedIn sai ya ji kunyar rubuta ko da gaisuwa da harshen da ya tashi da shi.

Wani zai ce ai Turanci ne harshen neman aiki, kuma rubutu da Hausa zai taƙaita masu ganin mutum. Akwai gaskiya a ciki, kuma ban ce kowa ya fassara takardar neman aikinsa ba. Amma ƙungiyoyin raya ƙasa da kamfanonin iri da taki da bankunan da ke son shiga karkara duk suna neman wanda zai iya isar da saƙo ga jama'a da harshensu. Likitan dabbobin da ya iya bayyana cutar huhun shanu da Hausa ya mallaki ƙwarewa biyu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da kawai zan roƙa shi ne a rubuta Hausar bisa ƙa'ida. A yi amfani da haruffa masu ƙugiya, domin baki daban, baƙi daban, kafa daban, ƙafa daban. A duba rubutun da ido, kada a bar wa na'ura. Rubutun da aka yi sakaci da shi a gaban ƙwararru yakan zubar da mutuncin shirin da na harshen gaba ɗaya.

Kirana ga malaman manyan makarantun Kazaure da Babura, da ƙungiyoyin ci gaban garuruwan nan huɗu, shi ne su ɗauki matasan da ke wannan yunƙuri da muhimmanci: a ba su ɗakin ɗaukar murya, a amsa gayyatarsu. Ga 'yan'uwana 'yan boko kuwa, idan wani yaro daga Gwiwa ya aiko maka saƙo a LinkedIn yana neman minti ashirin na lokacinka, ka ba shi, ka kuma yi masa bayanin da harshen da mahaifiyarka za ta gane. An dai ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa mu dace, amin.