Daga garka da garke zuwa ƙofar gida: cinikin nan yana da riba kuwa?

Idan ɗari ya shigo, kayan garka sukan cika kasuwannin Damagaram. Salati, shu, karoti, tumatir da tattasai suna shigowa daga Mirriya, daga Gidimuni, daga fadamun Matamai da Magarya. Kafin ganyen salati ya kai kwanon mai ci, ya bi ta hannu uku ko huɗu: mai garka, mai sari, mai mota, mai kasa kaya a bakin titi. Kowane hannu yana cire nasa. Haka nan nama. Sa yakan bar hannun makiyayi, ya bi ta dillali da ɗan kasuwa da mahauci kafin ya shiga tukunya.

Yanzu da salula ta shiga hannun kowa, wasu ƴan birni sukan kira mai garka su ce ya kawo musu kaya har gida. Sun fi son wanda ba a fesa wa magani ba, ba a kuma zuba masa takin zamani ba. Masu boko suna kiran irin wannan kaya "biyo". Wasu kuma suna son su sayi dabba kai tsaye wurin mai kiwo. To, manomi da makiyayi suna tambaya: shin abin nan zai biya wahala? Mai saye ma yana tambaya, tunda shi ne zai ƙara kuɗi.

A ƙasashen Turawa abin ya daɗe. A kudancin Faransa, a shekarar 2001, wasu iyalai sun ƙulla yarjejeniya da wani mai gona. Suna biyan kuɗin wata da watanni tun gaba, shi kuma kowane mako yana ba kowa kwando guda na abin da gona ta bayar. Idan an sami albarka kowa ya ci, idan ƙwari sun yi ɓarna kowa ya yi haƙuri. Suna kiran wannan tsari AMAP, kuma ya bazu a ƙasar. A Japan da Amurka ma akwai irinsa. Amma kai kaya gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Damagaram. Tun kaka da kakanni Bafulatana take kai nono da man shanu gidan da ta saba, kuma matar gida ta san ƙwaryar wa take saye. Sabon abu shi ne salula, da babur, da tsoron magani.

Tsoron magani ba na banza ba ne

Kwalaben maganin ƙwari sun cika kasuwannin ƙauye. Da yawa suna shigowa ta kan iyaka ba tare da izini ba, wasu ma ba a san abin da ke ciki ba. Akwai kwamitin ƙasashen Sahel, ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, wanda shi ne ke tantance maganin da ya halatta a yi aiki da shi. Mai tebur a kasuwa bai san da zamansa ba. Maganin auduga sai a fesa wa tumatir. Piya-piya da aka sani da kashe sauro da kyankyaso sai a zuba wa wake a buhu. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda yawan irin wannan guba da aka samu a cikinsa. Wanda ke cin waken a gida ba shi da mai auna masa.

Kowace kwalba ta kirki an rubuta mata kwanakin da za a jira tsakanin fesawa da tsinka. Wani magani kwana 3 ne, wani 7, wani ya haura mako 2. Amma idan mai sari ya zo da kuɗi a hannu, wa zai ce masa ya dawo jibi? Sai a fesa da yamma, a tsinka da safe. Salati kuwa ɗanye ake cin sa. Wanda ya fara shan wahalar gubar ma shi ne mai fesawa, wanda ke aiki ba takalmi, ba abin rufe hanci, sannan ya wanke hannu a bakin rijiyar da ake sha.

Saboda haka mai sayen da ya ce yana son kayan da ba magani, yana da hujja. Sai dai ya san abu biyu. Na farko, kalmar "biyo" a baki take, ba ta da tambari a jikin tumatir. A Turai akwai masu zuwa gona su bincika su ba da takarda, kuma takardar tana da tsada. A Burkina Faso manoma da masu saye sun kafa nasu tsari, suna zagaya gonakin juna suna shaida. A nan shaidar ita ce ido. Mirriya kilomita 18 ce kawai daga Damagaram. Wanda zai ci kayan mutum shekara guda, ya tafi ranar Lahadi, ya ci kasuwa, ya ratsa garkar ya ga ramin taki, ya duba ko akwai kwalabe a gindin mangwaro. Na biyu, rashin magani ba shi ne tsabta ba. Ganyen da aka shayar da ruwan ƙazanta, ko aka zuba masa ɗanyen kashin dabba, yana kawo zawo da tsutsar ciki. Dole a wanke shi sosai da ruwa mai kyau, ko daga ina ya fito.

Shi kuma mai garka, barin magani ƙarin aiki ne, kada wani ya ruɗe shi. Takin gida sai an tara shi a rami, ana yayyafa ruwa ana juyawa, wata 2 ko 3 kafin ya nuna. Ga ƙwari kuma, malaman gona suna koyar da ruwan ƴaƴan dogon yaro: a daka rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Yana korar ƙwari da yawa, kuma ƴaƴan kyauta ne a gindin itace. Amma rana tana kashe ƙarfinsa, sai an maimaita kowane mako. Akwai kuma shekarar da ba ya isa. Tsutsar tumatir da ta cinye gonakin Kano, Katsina da Kaduna a 2016 ta gagari har masu fesa maganin kwalba. Abin da ke sanyaya rai shi ne, tun da takin zamani ya yi tsada a 2022 saboda yaƙin Rasha da Yukren, mai ramin taki da mai gawo a gona ba su ji jiki kamar sauran ba.

A zo a yi lissafi

Kuɗin da ke nan misali ne kawai, kowa ya sa na garinsa. A ce mai sari yana biyan jika 2 kan kwando a bakin garka. A ce ɗan birni zai biya jika 3 idan aka kai masa gida. Ƙarin jika 1 ke nan. Amma kabu-kabu zuwa da dawowa a ce jika 2, ga kuɗin kira dala 40. Wanda ya ɗauki kwando 1 ya tafi birni ya faɗi, ya kuma bar garka ba ban-ruwa. Wanda ya ɗauki kwando 5 ya sami ƙarin jika 5, ya cire jika 2 da dala 40, saura jika 2 da dala 160. Wannan riba ce, in dai gidajen suna kusa da juna. Idan ɗaya yana Birni, ɗaya yana Zango, ɗaya can Garin Malam, to ribar ta ƙone a tankin babur.

Shi ya sa mutum ɗaya ba ya iya wannan ciniki. Sai masu garka 4 ko 5 sun haɗu, wannan ya kawo salati, wancan karoti, wancan zogala da yakuwa, yaro ɗaya ya kai rana ɗaya a mako. Ɗan birni ba zai ci shu kaɗai mako bayan mako ba.

Akwai kuma zancen lokaci. Daga Disamba zuwa Fabrairu kaya sun yi yawa, tumatir yana ruɓewa, mata suna yanka shi suna shanya kauɗa. A lokacin mai saye zai ga kasuwa ta fi araha, sai ya daina ɗaga waya. Idan bazara ta zo, ruwan rijiya ya ja ƙasa, kaya suka yi tsada, sai mai garka ya ga mai sari ya fi biya, shi ma ya ɓace. Kowa ya ci amanar kowa sau ɗaya, ciniki ya mutu. Abin da ya riƙe tsarin Faransa shi ne kuɗi guda da aka tsayar tun farko, da biya tun gaba. Bashi kuwa shi ne babban ciwo. Mai sari ko ya matse farashi, yana biya nan take. Ma'aikacin da ya ce sai ƙarshen wata yana iya cinye jarin mai garka.

Ga albasa, dankali da busasshen barkono, kai su gida bai da wani amfani. Ba sa lalacewa da wuri, kuma kasuwa ta wadatar.

Zancen nama

Nan ma Bahaushe yana da tsohuwar dabara, wato watanda. Mutane su haɗa kuɗi, su sayi sa, a yanka, a kasa kashi-kashi, kowa ya ɗauki nasa. An fi yin ta gab da azumi da ƙaramar salla. A ce mutum 20 sun sayi sa jika 300 wurin mai turka. Kuɗin kora, da na mahauci, da na mayanka jika 20. An sayar da fata, kai da ƙafafu jika 20. Kowa ya zuba jika 15 ke nan. Idan nama da ƙashi sun kai kilo 120, kowa ya sami kilo 6, kilo ya tashi jika 2 da rabi. Sai a gwada da farashin mahauta na ranar. Amma idan san ya ruɗi ido, aka sami kilo 90 kawai, kilo ya haura jika 3. Dabba mai rai, kusan rabin nauyinta ne ke zama nama da ƙashi. Sauran jini ne, da fata, da kai, da abin da ke cikin tumbi. Ɗan birnin da bai san wannan ba yakan ce an cuce shi, alhali ba wanda ya cuce shi.

A nan ne ake gane cewa dillali ba cima-zaune ba ne. Yana taɓa gindin wutsiya da haƙarƙari ya faɗi abin da ke jikin dabba. Shi ne kuma shaida cewa ba ta sata ba ce. Wanda ya tsallake shi don ya tsira da la'ada, to ya tafi da wanda ya san dabba, kuma a yi ciniki gaban mai gari ko dattawa. Ga makiyayi, sayarwa a gida tana da daɗi: ba korar dabba zuwa Bakin Birji ko Maigatari, ba ramewa a hanya, ba dawowa da ita in kasuwa ta ƙi. Sai dai ya fara tambayar farashin kasuwa ta salula kafin ya ce "na sallama". Mai saye ɗaya a ƙofar gida ba shi da abokin gasa.

Abin da ba a wasa da shi shi ne duban malamin dabbobi. Naman da aka yanka a mayankar hukuma ana duba huhunsa, hantarsa da tsokarsa, sannan a buga masa tambari. Wanda aka yanka bayan gida ba mai duba shi. Tarin fuka yana ɓoye a huhu, ƙwayayen tsila suna cikin tsoka, kuma sa mai ƙiba ma yana iya ɗauke da su. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko ta baya, ana zaton ciwon saifa ne. Ba a feɗe ta, ba a cin ta, ba a taɓa fatarta, sai a kira ma'aikatan kiwo. A 2016 zazzaɓin Rift ya kashe mutane da dama a yankin Cintabaradan, jihar Tawa, kuma yawancinsu makiyaya ne da ke taɓa dabbobi marasa lafiya. Araha ta rago mai ciwo takan ƙare a gidan likita. Haka nan dabbar da aka yi wa allura kwanan nan. A jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sha nono. Makiyayin da ya iya karatu ya duba, ya gaya wa mai saye gaskiya.

Saura ajiya. Bature yana sayen rabin sa ya cusa a firigo ya ci wata 6, domin wutarsa ba ta ɗaukewa. A Damagaram ba haka ba ne. An ga abin da ya faru a Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka yi watanni ana wahala. Ko ba wannan ba, bazara tana zuwa da nata yanke-yanke. Kilo 5 ko 6 na watanda iyali za su iya soyawa ko su shanya. Kilo 40 a gida ɗaya kasada ce.

Ragon layya shi ne ya fi sauƙi. Matan da ke turka a ƙauyukan Mirriya da Matamai suna iya samun mai saye tun wata 3 kafin salla, ya ba da rabin kuɗi, ta sayi dusa da harawa da shi, ya zo ya ga ragonsa duk lokacin da ya so. Sai dai a rubuta a takarda: kamannin rago, kuɗin da aka tsayar, abin da aka biya, ranar ɗauka, da wanda zai ɗauki asara idan rago ya mutu kafin ranar. Kowa ya riƙe kwafi ɗaya, shaidu 2 su sa hannu.