Tsoffin kalmomin Turanci da masu tonon asalinsu

Ƙamusun Turanci zalla na farko bai kula da kalmomin da kowa ya sani ba. Wani malamin makaranta, Robert Cawdrey, ya fitar da shi a Landan a 1604, da kalmomi wajen 2,500, galibinsu aro daga Latin da Girkanci da Faransanci, irin waɗanda ke ba marasa zurfin karatu wuya. Ga kalma mai tsauri, ga mai sauƙi a gabanta, shi ke nan. Sai a 1755 Samuel Johnson ya zo da nasa mai kalmomi sama da 42,000, yana kafa hujja da jimlolin manyan marubuta. Shi ma bai rasa tsokana ba: da ya zo kan hatsin da ake kira oats, cewa ya yi a Ingila abincin doki ne, a Sukotland kuwa mutane ke rayuwa da shi.

A ganina, baƙuwar kalma ba ita ce matsala ba, domin wanda ya ci karo da ita zai tsaya ya duba ƙamus. Mai haɗarin ita ce wadda ka saba da fuskarta alhali ta sauya hali. Kalmar nice, da yau ake yabo da ita, ta fito ne daga kalmar Latin mai nufin jahili, kuma a tsohon Turanci wawa ake nufi. Silly ta bi akasin hanyar: daga mai albarka ta gangaro har ta zama sakarai. Girl a da yaro ne ko yarinya, babu bambanci. Meat kuwa kowane irin abinci ne, shi ya sa a fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611 hadayar da aka kira da wannan kalma ta gari da mai ce, babu ko tsoka a ciki. Mai karatun yau zai wuce ta hankalinsa kwance, bai san ya yi ɓatan kai ba.

Wannan giɓin ne Richard Chenevix Trench ya nuna wa masana harshe a Landan a 1857. Ya ce aikin mai ƙamus shi ne rubuta tarihin kalma, tun daga ranar da aka fara ganinta a takarda. Daga nan aka haifi babban ƙamusun Oxford. James Murray ya karɓi ragamarsa a 1879, ya roƙi jama'a su karanta tsoffin littattafai su aiko masa da jimloli a 'yan gutsattsarin takardu. Miliyoyi suka taru a wata rumfar kwano da ya gina a gidansa. Cikin masu ƙwazon aikowa har da William Chester Minor, tsohon likitan sojan Amurka da ke tsare a asibitin masu taɓin hankali na Broadmoor, bayan ya harbe wani mutum a Landan a 1872.

Murray ya rasu a 1915, aikin bai kammala ba sai 1928. Ƙa'idarsa tana nan: kalmar da ta mutu ba a share ta, sai a ɗora mata alamar wuƙa, a bar ma'anoninta jere bisa shekarunsu. Bisa wannan tsari na rubuta tarihin kalma aka shigar da kalmar Kannywood a ƙamusun a 2020.