Filin Jirgin Saman Malam Aminu Kano: Zangon Bakin Sahara

Filin jirgin saman Malam Aminu Kano yana arewa da ganuwar birni, a yankin ƙaramar hukumar Fagge, kuma shi ne mafi tsufa cikin filayen jiragen saman Najeriya. A takardun tafiya na duniya ana rubuta sunansa da haruffa uku, KAN. Sunan da yake ɗauke da shi na jagoran jam'iyyun NEPU da PRP ne, wanda ya rasu a watan Afrilun 1983, amma filin ya daɗe yana aiki kafin a raɗa masa wannan suna. A da jeji ne ya kewaye shi. Yau gari ya cim masa ta kowace kusurwa, har mazauna Kurna da Fagge da Sabon Gari sun saba da rurin jirgi kamar yadda na bakin tasha suka saba da na mota.

Tarihin ya faro ne ranar 1 ga Nuwamban 1925, zamanin Sarkin Kano Usman. A ranar ne jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka iso Kano ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Daga Helwan suka taso, kusa da Alƙahira, suka biyo ta Sudan da ƙasar Cadi, suna yada zango suna shan mai. Babu filin jirgi a lokacin, don haka a filin wasan dawaki suka sauka. Hanyar da suka biyo ba baƙuwa ba ce ga mutanen ƙasar Hausa. Ita ce dai wadda alhazan ƙafa suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi zuwa gabas, sai dai tafiyar da kan ci wa mutum shekara ko shekaru, jiragen nan sun yi ta a cikin kwanaki da ba su cika mako ba.

Jigilar fasinja da wasiƙu ta fara a 1936, sa'ad da kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Khartum zuwa Kano, kafin daga baya a cikin shekarar ya miƙe da ita zuwa Legas. Wato jirgin fasinja ya riga zuwa Kano kafin ya je babban birnin ƙasar na wancan zamani. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa filin daraja. Da yake Bahar Rum ta zama wurin haɗari, sai Turawan Ingila suka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙo su ta Legas, da Kano, da Maiduguri, da Fort Lamy, da El Fasher, da Khartum, har Masar. An fara wannan aiki a 1940, kuma dubban jirage sun bi ta wannan hanya.

Bayan yaƙi ne Kano ta shiga zamaninta na ƙasaita, kuma dalilin a fili yake. Jiragen wancan lokaci masu farfela ne, tankinsu ba ya ɗaukar man da zai kai su daga Turai zuwa tsakiyar Afirka ko kudancinta a tashi ɗaya. Wanda ya ƙetaro Sahara daga arewa dole ya nemi inda zai sauka ya sha mai, wanda zai ƙetara ta daga kudu kuma dole ya cika tanki kafin ya shiga. Kano ce a bakin hamadar, ga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ga jirgin ƙasa da ya iso tun 1911 yana iya kawo mai daga bakin teku. Abin da ya sa ayarin raƙuma daga Agadas da Ghat da Tarabulus suke sauke kaya a Kano, shi ne ya sa BOAC na Ingila da Sabena na Beljiyam da KLM na Holan suka mai da ita zango. A hotunan shekarun 1950 ana ganin wani mutum bisa raƙumi riƙe da doguwar kakaki, aikinsa ya busa in jirgi ya doso, don mutane da dabbobi su kauce daga hanya. A 1957 aka buɗe ginin tashar fasinja, wanda tsofaffin Kanawa har yau suke tunawa da shi a matsayin wurin zuwa kallo.

Abin da ya ɗaga filin shi ne kuma ya sauke shi. Da manyan jirage marasa farfela irin su Boeing 707 suka shigo, masu iya tashi daga Landan ko Amstadam su wuce Sahara ba tare da ƙishin mai ba, sai buƙatar zango ta kau. Kamfanonin Turai suka janye ɗaya bayan ɗaya, harka ta koma Legas, daga baya Abuja ta zo ta ɗebi nata kason. KLM ne ya fi kowa jimiri: ya fara zuwa a 1947, bai daina ba sai a 2012. Kamfanin ƙasa, Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, shi ma ya durƙushe a 2003.

Abin da ya riƙe filin tun daga lokacin shi ne gabas, kuma aikin Hajji ne kan gaba. Kowace shekara, in watan Zulƙida ya kama, filin yakan sauya kama. Maniyyata sukan taru a sansanin alhazai, a yi musu bita, a duba takardar riga-kafi, a raba fasfo da guzuri, sannan a kwashe su zuwa bakin jirgi, sau da yawa cikin dare. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, ita ke tantance kamfanonin da za su yi jigilar, hukumar jin daɗin alhazai ta jiha kuma ita ke tsara wanda zai shiga wane jirgi. Kafin jihohin maƙwabta su samu filayen da za su iya ɗaukar babban jirgi, alhazansu ma ta Kano suke tashi. Yanzu Katsina da Dutse da Bauchi duk suna ɗibar nasu, abin da ya rage wa Kano cunkoso, ya kuma rage mata ciniki. Sai dai Umara ta cike wani gurbi, don ita ba ta da lokaci ɗaya, ko da yake a watan azumi ne kujera take yin wuya. Tafiyar Jidda daga Kano ba ta wuce sa'o'i biyar ba.

Mafi munin ranar da filin ya gani ma tana da alaƙa da Hajji. Ranar 22 ga Janairun 1973, wani Boeing 707 na ƙasar Jodan da Nigeria Airways ya yi haya ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Legas. Rashin kyan yanayi a Legas ya sa aka karkato da shi Kano. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi, ya kama da wuta. Mutum 176 suka rasu cikin 202, kuma a lokacin ba a taɓa yin haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka haka ba a duniya. Kafin wannan, a watan Yunin 1956, wani jirgin BOAC ya faɗi jim kaɗan bayan tashi cikin hadari, mutum 32 suka mutu. Na ranar 4 ga Mayun 2002 shi ya fi zama a zukatan mutanen gari, domin a kansu ya sauka: jirgin kamfanin EAS mai zuwa Legas ya faɗa cikin gidajen unguwar Gwammaja, ya hallaka fiye da mutum 100, na ciki da na ƙasa, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Tun daga nan maganar gine-gine a kan hanyar tashin jirgi ta daina zama zancen injiniyoyi kaɗai.

Filin yana da titin sauka da tashi guda biyu. Babban ya kai tsawon mita 3,300, shi jiragen fasinja da na kaya suke amfani da shi, kuma yana ɗaukar manyan jirage irin Boeing 747 da aka daɗe ana jigilar alhazai da su. Ƙaramin bai kai mita 2,500 ba. Sojan saman Najeriya suna da sansani a filin, inda suke koyar da tuƙin jirgin yaƙi. Ɓangaren fasinja kashi biyu ne, na cikin gida da na ƙasashen waje. Sabon ginin na ƙasashen waje kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya yi shi, da bashin da gwamnatin tarayya ta karɓo don gina irinsa a Abuja da Legas da Fatakwal da Kano, kuma yana da gadojin da fasinja ke bi ya shiga jirgi ba tare da ya taka ƙasa ba.

Hukumar FAAN ce ke riƙe da filin: gini, da titi, da 'yan kwana-kwana, da masu binciken kaya. NiMet ke ba da rahoton yanayi. Mai fita waje zai bi ta hannun jami'an shige da fice, da kwastan, da hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, da ma'aikatan lafiya masu duba katin riga-kafin shawara. Lodi da saukewa kuwa aikin kamfanoni ne irin NAHCO da SAHCO. Akwai kuma wani aiki da fasinja ba ya gani, wanda a cikinsa tsohuwar darajar Kano ta saura. A taswirar matuƙa ta duniya, sararin samaniyar Najeriya gaba ɗaya da sunan Kano aka san shi, kuma ma'aikatan hukumar NAMA da ke Kano su ke magana da jiragen da suke ratsa arewacin ƙasar. Jiragen da suka daina sauka shan mai har yanzu suna wucewa ta sama, suna kuma biyan kuɗin wucewa.

Babban abokin gabar jadawali a Kano shi ne hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kwaso ƙura daga ƙasar Cadi, wani lokaci matuƙi ba ya hangen abin da ya wuce 'yan ɗaruruwan mitoci. Akwai na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa kan titi ko da gani ya ragu, amma kowane jirgi da kowane kamfani yana da iyakar da ba zai sauka ƙasa da ita ba. In hazo ya yi kauri, sai a jinkirta tashi, ko a soke, ko a karkatar da mai zuwa Abuja. Da damina kuma hadarin yamma ne ke tsayar da jirgi, sai dai shi ba ya daɗewa.

A cikin gida, Abuja da Legas ne manyan hanyoyi; ta farko ba ta cika sa'a guda ba, ta biyu kusan sa'a ɗaya da rabi. Kano ta yi fice wajen haifar da kamfanonin jirage na 'yan kasuwa. Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda aka kafa a 1980, shi ya buɗe ƙofa, daga baya Max Air da Azman suka mai da Kano gidansu. Zuwa waje kuwa, Saudia na zuwa Jidda, EgyptAir Alƙahira, Ethiopian Adis Ababa, Qatar Airways kuma ya fara zuwa daga Doha a 2022. Kamfanonin Sudan sun daɗe suna kai ɗalibai da marasa lafiya Khartum, har yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya katse hanyar.

Akasarin masu cika waɗannan jirage, in an cire masu ibada, fatake ne. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Sabon Gari yakan yi canjin dala a Wapa, nan cikin Fagge, ya bi ta Adis Ababa ko Doha zuwa Dubai ko Guangzhou, ya saro atamfa da shadda da waya da takalma. Kaya masu nauyi ta ruwa suke biyowa zuwa Legas, marasa nauyi masu tsada su zo ta sama, a fito da su daga rumbun kwastan na filin. Daga kasuwannin Kano kuma motoci ke kwasar su zuwa Maraɗi da Damagaram da Njamena da arewacin Kamaru.