Yadda littafin da malami ya zaɓa ke isa laburaren jami'a a Birtaniya

A ƙarshen watan Satumba, lokacin da galibin jami'o'in Birtaniya ke buɗe sabuwar shekarar karatu, akan bai wa ɗalibi jerin littattafan da zai karanta a kowane kwas. Ɗalibin da ya taso daga Kano ko Kumasi ko Yamai, bayan ya biya kuɗin makaranta mai tsoka, yakan ɗauka cewa duk abin da ke cikin jerin yana kan kanta yana jiransa. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma idan ya tarar babu littafin, ko ya tarar da kwafi biyu ga aji mai cike da jama'a, to tun watanni kafin ya sauka a ƙasar aka yi abin da ya jawo hakan.

Jerin da malami ke rubutawa shi ne kuma takardar sayayyar laburare. A yawancin jami'o'in ƙasar, malami yana shigar da sunayen littattafan ne a wata manhaja, irin su Talis Aspire ko Leganto, wadda ke haɗe da kundin laburaren. Da ya aika, ma'aikatan sashen sayen littattafai za su ga abin da suke da shi da abin da babu. Ana kuma buƙatar ya bayyana matsayin kowane littafi: wanda dole kowa ya karanta, wanda aka ba da shawarar a karanta, da wanda mai neman ƙari zai duba. Da wannan matsayi da kuma yawan ɗaliban ajin ake lissafin kwafi nawa za a saya, kuma kowace jami'a da nata ma'aunin.

Malamin da ya ce duk littattafansa dole ne bai yi wa ɗalibansa gata ba, domin kuɗin da za a zuba a kan muhimmai biyu ko uku sai ya watsu a kan talatin. Haka ma wanda ya bari sai ana gobe komawa aji. Shi ya sa ake roƙon malamai su aika tun farkon hutun ƙarshen shekara, ga shi kuma shekarar kasafin kuɗin jami'o'in tana rufewa ne ranar 31 ga watan Yuli.

Hayar littafi

Mutum zai ɗauka littafin intanet ya kawo ƙarshen wannan wahala. A gaskiya a nan ne tafiyar ta fi tsauri. Idan laburare ya sayi littafin takarda, ya zama mallakinsa, zai yi ta ba da aronsa har ya yage. Na intanet kuwa lasisi ake saya, kuma kamfanin da ya buga littafin ne ke gindaya sharaɗi. Wani lasisin mutum ɗaya ne kawai zai iya buɗe littafin a lokaci guda, sauran su bi layi. Wani na mutum uku ne. Wani kuma yana da adadin buɗewa a shekara, idan ya ƙare shi ke nan sai an sake biya. Akwai ma littattafan da mutum zai iya saya a Kindle da 'yan fam kaɗan, amma ba a sayar wa laburare da su ko nawa zai biya.

Annobar korona ce ta fito da matsalar fili. Da aka rufe gine-ginen jami'o'i a 2020, ba wanda ke iya taɓa littafin takarda, sai ma'aikatan laburare suka tarar farashin na intanet ya ninka na takarda sau da yawa. A shekarar ne Johanna Anderson, ma'aikaciyar laburare a Jami'ar Gloucestershire, tare da abokan aikinta suka ƙaddamar da gangamin ebookSOS, suna neman hukumomi su binciki kasuwar. Kamfanonin ɗab'i kuwa na kare kansu da cewa lasisi guda ɗalibai da yawa ke amfana da shi, waɗanda a da kowannensu zai sayi nasa kwafin.

Abin hayar kuma mai shi na iya karɓe kayansa. A 2022, gab da komawa makaranta, kamfanin Wiley ya janye littattafai sama da 1,300 daga wani rumbun intanet da jami'o'i ke biyan kuɗinsa, alhali malamai sun riga sun tsara darussa a kansu. Sai da aka yi ca a kansa kafin ya maido da su na wani wa'adi.

Idan sayen ya gagara, akwai 'yan dabaru. Lasisin haƙƙin mallaka da jami'o'in ke riƙe da shi ya ba su damar ɗaukar hoton babi guda, ko kashi 10 cikin 100 na littafi, su ɗora wa ɗaliban kwas ɗin. Akan kuma aro daga wani laburaren, sai dai wannan ya fi dacewa da mai bincike shi kaɗai fiye da aji guda.

Littattafan da ba sa cikin kundin dillalai

Duk wannan tsari ya dogara ne a kan manyan dillalan da jami'o'i ke da yarjejeniya da su, kuma su da lambar ISBN suke gane littafi. Malamin da ke koyar da tarihin Daular Usmaniyya ko adabin Hausa yakan yi karo da bango a nan. Littafin da aka buga a Zariya ko Sakkwato, kwafi 'yan kaɗan, wataƙila ma babu lambar, ba zai bayyana a kwamfutar dillali ba. Abin takaicin shi ne, a ƙarshe jerin karatu kan Afirka yakan cika da abin da aka buga a Landan da New York, saboda shi ne ake iya saya cikin sauƙi.

Masu ɗab'i na Afirka sun daɗe da ganin haka, shi ya sa a shekarun 1980 suka haɗa kai suka kafa African Books Collective a Oxford, domin sayar da littattafansu a ƙetare. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka kuma yana da ofishi a Nairobi da ke sayo littattafan nahiyar, har ya sayo wa wasu jami'o'in.

Sauran kuwa sai da ƙafa. Tarin littattafan adabin kasuwar Kano da ke makarantar SOAS a Landan ya samu ne ta ƙoƙarin Farfesa Graham Furniss, wanda ya ɗauki shekaru yana tara su. Har yanzu malamin da ke son irin waɗannan littattafai a jerinsa yakan nemi izinin laburare ya sayo su da kansa idan ya yi tafiya, ya kawo rasit a biya shi.