Rabin Ruwa, Ƙarin Kuɗi: Wa Ya Cuci Masu Albasa?

Ƙulun-ƙulufit! Mai karatu, gyara zama, yau da kacici-kacici na zo maka.

Ka ƙaddara wata gonar gwaji a kan hanyar Rano zuwa Kibiya, irin wadda masu binciken noma ke gwada sabon iri a cikinta da rani. Ƙungiyoyi uku ne a ciki: masu alkama da eka uku, masu tumatir da biyu, masu albasa da ɗaya. Burtsatse ɗaya, injin ban-ruwa ɗaya, mai gadi ɗaya, akawu ɗaya, amma kowa da asusunsa. A Fabrairu masu albasa sun kunna inji awa 20, aka caje su naira 60,000. A Afrilu, da albasa ta kusa isa cira, suka rage zuwa awa 10. Takarda ta iso: naira 80,000. Ta ina aka hau?

Na san wanda ka fara kallo. Baba mai gadi, ko ba haka ba? Ka ce yana zuƙar mai da dare yana sayarwa. Mu auna. Jarkokin da aka sayo sun yi daidai da awannin da ke littafi, ko lita ɗaya ba ta yi ƙafa ba. A nemi gafarar Baba. To, wa ya rage?

Tsadar fetur, in ji wani. Yana da hujja, domin tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, duk mai injin ban-ruwa a ƙasar Rano ya ji a jikinsa. Sai dai rasit ya wanke fetur: awa guda naira 2,000 take ci a wata biyun duka. Bai motsa ba.

Bututu ya fashe? Ai da awa ake caji. Ko ruwa ya malale har bakin titi, awa tana nan awa.

Akawu ya yi kuskure? An sake bugawa. Daidai. An ƙara bugawa. Daidai. Ba sata. Ba yoyo. Ba kuskure. Amma kuɗi ya hau.

Yanzu rufe shafin masu albasa. Buɗe na maƙwabtansu.

Masu alkama: Fabrairu awa 60, Afrilu babu ko ɗaya. Alkama 'yar hunturu ce, kafin zafi ya kankama an yanke ta, an tafi. Masu tumatir: daga 40 sun dawo 10. A nan mai laifin yake kwance!

Kuɗin gonar iri biyu ne. Akwai mai bin aiki, wato fetur: in an kunna ya ci, in an kashe ya tsaya. Akwai kuma na dole, wanda ba ruwansa da inji: albashin mai gadi, na makaniki, hayar ɗakin ajiya, naira 120,000 kowane wata. Akawu ya zuba su a tukunya ɗaya, ya raba bisa awanni. A Fabrairu, fetur na awa 120 ya ci 240,000, a haɗa da na dole ya zama 360,000, kowace awa ta tashi a 3,000. A Afrilu awa 20 kacal aka yi: fetur 40,000, na dole yana nan daram, jimilla 160,000. Awa guda ta koma 8,000! Masu albasa sun biya wa masu alkama kuɗin gadin buhunan da suka bari a ɗakin ajiya, ba su ma sani ba. Abin yana min zafi, domin ƙaramin mai bincike, mai ɗan kasafi, shi ne kan daɗe a gona, shi ne kuma kaya ke faɗowa a kansa.

Matsalar ba baƙuwa ba ce a yankin da ke rayuwa da ruwan dam ɗin Tiga tun 1974, daga Ruwan Kanya har Kadawa inda cibiyar binciken noma ta Samaru ke da tashar gwaji. Duk inda aka yi tarayyar inji, tana nan. A harkar lantarki ma, hukumar NERC ta soke cajin dole na wata-wata a Fabrairun 2016, saboda jama'a na biya ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. Can masu amfani dubbai ne, tafiyar mutum ɗaya ba ta girgiza kowa. A nan su uku ne.

Gyaran ba wuya. A raba na dole bisa eka: alkama 60,000, tumatir 40,000, albasa 20,000, ko an yi ban-ruwa ko ba a yi ba, muddin ana riƙe da fili. Fetur kuwa kowa ya biya abin da ya ƙona. Da haka masu albasa za su biya 40,000 a Afrilu.

Don Allah, shugabannin gonakin gwaji da ƙungiyoyin manoman rani, kafin a kunna inji a kaka mai zuwa, ku zauna ku rubuta layi biyu a takardar kowa: na dole daban, na aiki daban, kowa ya sa hannu.