Daɗin Bakin Mawaƙan Ingila Na Da

A zangon karatun da ya wuce, malamar da ke koya mana adabin Turanci ta kawo mana waɗansu tsofaffin waƙoƙin Ingila, waɗanda aka rubuta fiye da shekara 300 da suka wuce. Jigonsu ɗaya ne, watau namiji yana lallashin mace ta ba shi kai. Ranar da aka fara karanta su, aji ya cika da dariya ƙasa-ƙasa, waɗansu kuwa suka sunkuyar da kai don kunya. Ni ma ina cikin masu dariyar. Amma da na koma ɗakin kwana sai na tuna da wata 'yar ɗakinmu wadda ba ta dawo ba bayan dogon hutu, domin wani saurayi ya cika ta da romon baka, da abu ya ɓaci kuma ya yi layar zana. Daga ranar na shiga karanta waƙoƙin nan da idon basira. Zan kwatanta guda uku daga cikinsu ta fuska uku: irin harshen da mawaƙi ya yi amfani da shi, da siffofin da ya zana, da kuma mutanen da ya yi waƙar dominsu.

Ta farko ita ce waƙar makiyayi ta Christopher Marlowe, wanda aka haifa a Canterbury a 1564, aka kashe shi da wuƙa a 1593 yana da shekara 29. An buga ta cikakkiya a 1600, baiti 6 ne, kowane da ɗango 4. Ta biyu ita ce waƙar ƙuma ta John Donne, wanda ya rayu daga 1572 zuwa 1631. Baiti 3 ne masu ɗango tara-tara, ba a kuwa buga ta ba sai 1633. Ta uku ita ce waƙar da Andrew Marvell ya yi wa budurwa mai jan aji. Tana da ɗango 46, an buga ta a 1681, shekara 3 bayan mutuwarsa.

Bari mu fara da harshe. Marlowe ya zaɓi kalmomi masu sauƙi, gajeru, waɗanda ko ɗan aji ɗaya zai gane yawancinsu. Ƙafiyar tana tafiya bibbiyu, sautin kuma yana gangarowa a hankali kamar waƙar reno. Babu gardama a ciki ko kaɗan. Makiyayin gayyata kawai yake yi, yana jera alkawari bisa alkawari, zan ba ki kaza, zan yi miki kaza. Dabararsa ita ce kada ya bar wa yarinya sararin tunani.

Donne kuwa dabam ne. Ya yi karatun shari'a a Landan, harshensa ma na lauya ne. Da umurni ya buɗe waƙar, kamar mai nuna wa alƙali shaida, sa'an nan ya shiga kawo hujja. Ƙuma ta cije shi, ta ciji yarinyar, jininsu ya gauraya a cikinta, ba kuwa wanda zai ce an yi zunubi ko abin kunya. To, in ji shi, abin da yake nema bai fi wannan ba. Ya ari kalmomin addini da na aure ya ɗora wa ɗan ƙwaron nan, don ƙaramin abu ya zama babba, babban abu kuma ya zama ƙarami.

Marvell ya gina tasa kamar lissafi, kashi uku. A kashi na farko ya ce da suna da isasshen lokaci, da jan ajinta bai zama laifi ba. A na biyu ya ce amma lokaci gudu yake yi. A na uku ya ce saboda haka a yi yanzu. Farkon waƙar yana tafiya sannu cikin raha, ƙarshenta kuwa sauri ne da kalmomin ƙarfi, har mai karatu ya ji kamar ana tura shi daga baya. Sai da malama ta sa muka rubuta kashi ukun nan a allo na ga inda ramin yake. Gaskiya ne kowa zai mutu, amma wannan bai nuna cewa lalle yarinya ta yarda da wannan mutum a yau ba. Mutuwa tana iya zama dalilin a tsare mutunci kamar yadda ya mai da ita dalilin a zubar da shi.

Sai siffofi. Duniyar Marlowe lambu ce wadda ba ta san hunturu ba. Akwai tsaunuka da ƙoramu da tsuntsaye masu waƙa, ga shimfiɗar furanni, ga riga ta gashin 'yan tumaki, ga takalma masu maɗaurin zinariya, ga ɗamara mai murjani. Duk wanda ya taɓa bin awaki kiwo zai yi tambaya, ina makiyayi ya samo zinariya? Ina ruwan sama da sanyi da warin garke? Marlowe ɗan mai ɗinkin takalma ne, ya yi karatu a jami'ar Cambridge, aikinsa kuwa rubuta wasan kwaikwayo a Landan. Makiyayin nasa na takarda ne.

Donne ya ƙi furanni gaba ɗaya, ya ɗauko abin ƙyama. Siffa ɗaya tak ya riƙe tun daga farko har ƙarshe, yana juya ta kamar waina. Ƙumar ta zama gadon aure, ta zama ɗakin ibada inda aka ɗaura musu aure. Da yarinyar ta ɗaga hannu za ta kashe ta, sai ya ce rai uku za ta ɗauka, nasa da nata da na ƙumar. Ba ta saurare shi ba, ta murtsuke ta da farce, ta nuna masa ba abin da ya ragu a jikin kowa. Nan take ya juya magana, ya ce haka ne, to mutuncin da za ta rasa in ta yarda ma bai fi wannan ba. Mutumin da kowace amsa aka ba shi sai ta zama hujjarsa, ai ba gaskiya yake nema ba.

Siffofin Marvell su suka fi girma, su suka fi ban tsoro. Da fari ya shimfiɗa duniya duka, ita tana tsintar duwatsu masu daraja a bakin kogin Ganges na Indiya, shi yana kukan so a bakin kogin Humber, kusa da Hull inda ya girma. Ya mai da farkon sonsa tun kafin ruwan Ɗufana, ya ware shekara 100 don yabon idanunta da goshinta, shekara 30,000 don sauran jiki. Ana cikin wannan raha sai ya kawo lokaci a siffar keken doki mai fiffike yana biye da su, ga hamada marar iyaka a gaba, ga kabari, ga tsutsotsi suna cin abin da ta daɗe tana tsarewa. A ƙarshe ya kamanta su biyu da tsuntsaye masu farauta. Marlowe ya nuna wa yarinya kyauta, Donne ya ruɗa ta da wayo, Marvell kuwa kabari ya buɗe mata.

Yanzu sai tambayar da ta fi ba ni wahala, wa aka yi wa waƙoƙin nan? A fili dai kowace mace ɗaya take yi wa magana. Amma tarihinsu ya nuna wani abu. Waƙoƙin soyayya na Donne a rubuce da hannu suka yi ta yawo tsakanin abokai da masu ilmi, ana kwafa ana miƙa wa na gaba. Su ne za su yi dariya su yaba gwaninta, yadda aka ɗauki ƙuma aka gina mata hujja. Shi kansa daga baya ya zama limamin Kirista, har ya shugabanci babbar majami'ar St Paul ta Landan daga 1621, waƙar kuwa ba ta shiga ɗab'i ba yana raye. Marvell ma, wanda ya wakilci Hull a majalisa tun 1659, bai buga tasa ba. Ke nan masu sauraro iri biyu ne, da yarinyar da ke cikin waƙa, da maza masu kallo daga gefe. Ta Marlowe ce ta zama ta jama'a, aka sa mata kiɗa ana rerawa, har Shakespeare ya sa wani ɗan wasansa ya rera guntunta.

Akwai kuma Robert Herrick, limamin wani ƙauye a Devon, wanda a 1648 ya buga gajeriyar waƙa yana yi wa 'yan mata duka magana a jam'i. Shi ma da fure mai yaushi da rana mai faɗuwa ya yi misali, amma shawararsa ita ce su yi aure tun suna da ƙuruciya. Siffa ɗaya ce da ta Marvell, sai dai da masu sauraro suka sake, manufa ma ta sake. Abin dariya, shi Herrick har ya mutu a 1674 bai yi aure ba.

Abin da ya haɗa waƙoƙin ukun nan shi ne ba a ba mace baki ba. A ta Marlowe da ta Marvell ko tari ba ta yi ba. A ta Donne farcenta ne ya yi aiki, maganarta kuwa daga bakinsa muka ji ta. Amsa ɗaya da ta shahara ita ce wadda ake danganta wa Sir Walter Raleigh, aka buga ta tare da ta Marlowe a 1600. A cikinta yarinya ta bi kyaututtukan makiyayi ɗaya bayan ɗaya, ta nuna furanni za su bushe, riga za ta tsufa, hunturu zai zo, harshe mai zuma kuma yana iya ɓoye zuciya mai ɗaci. Lokacin nan da Marvell ya yi makami da shi don a gaggauta, shi ne hujjarta ta ƙin yarda. Ko da yake namiji ne ya rubuta, an dai ji ta bakin mace. Wani abin sha'awa kuma, a littafin kamun kifi na Izaak Walton na 1653, wata budurwa mai tatsar nono ce ta rera waƙar makiyayin, uwarta kuwa ta rera amsar. Ashe ko a Ingila uwa ita ke riƙe da wannan ɓangare.

Kada a ce na raina waƙoƙin nan. Wallahi gwanaye ne suka yi su, na kuwa fi son ta Marvell ko da yake ita ta fi tsorata ni. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Abin da na koya shi ne, hanyoyin nan uku ba su mutu tare da masu su ba. Har gobe a wurin zance akwai mai alkawarin abin da ba shi da shi, akwai mai cewa ai ba wani abu ba ne, akwai kuma mai cewa in ba yau ba an makara. Da 'yar ɗakinmu ta san ana iya tsai da magana mai daɗi a tambaye ta hujja, watakila da yanzu tana zaune tare da mu muna shirin jarrabawa.

Saboda haka ina ba 'yan'uwana shawara, mata da maza, duk sa'ad da kuka ji magana ta yi zaƙi da yawa, ku yi mata tambayoyin da muke yi wa waƙa a aji. Wane irin harshe ne wannan? Wace siffa ake nuna mini, wace kuma aka ɓoye? Don wa ake maganar, don ni ko don a je a ba abokai labari? Allah ya tsare mana mutuncinmu, ya ba mu ilmi mai amfani, amin.